Kuɗin adashina na zuba a afiliyet, yanzu Gwaggo ta daina amsa gaisuwata

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi a nan Jos. Shekarata 25, ina gaban iyayena, albashina kuma bai kai naira dubu 70 ba. Wata biyar da suka wuce na riƙa ganin wata ƙawata da muka yi makaranta tare tana sa hoton alat a sitatus kusan kullum, tana cewa afiliyet, wato tallata kayan wasu a intanet a ba ka kamasho, shi ne ya canza mata rayuwa. Da na yi mata magana sai ta haɗa ni da kocinsu. Na roƙi uwar adashinmu ta ba ni kwasa tun layina bai zo ba, na biya dubu 10 na rajista da dubu 40 na kwas. Da na buɗe kwas ɗin sai na tarar yawancin abin da ke ciki shi ne yadda zan sayar wa wasu shi kwas ɗin, a ba ni rabin kuɗin.

Har yau mutum biyu ne suka saya ta hannuna, 'yar Gwaggona da wata abokiyar aikina. 'Yar Gwaggo kuɗin da take tarawa na keken ɗinki ta saka, kuma ba ta samu ko mutum ɗaya ba. Gwaggo ta zo har gida ta ce wa Baba na cuci 'yarta, tun daga ranar ko na gaishe ta ba ta amsawa. Yayana ya ce duk damfara ce irin MMM, tsarin nan na zuba kuɗi a jira riba, da ta cinye masa kuɗi. Shi kuma koci ya ce ni ce ba ni da himma. Ya ce in riƙa ɗaukar hotunan alat da yake turowa a guruf ina sawa kamar nawa ne, in kuma biya dubu 80 in shiga babban aji inda ake koyar da sirrin talla a Facebook.

Anti, ni abin da na sani shi ne koyarwa da sha'anin yara, har iyaye kan tsaya a bakin get su tambaye ni wace jaka ko wace kular abinci za su saya. Kasuwanci ban iya ba. Shin sana'ar nan halal ce? In ci gaba ko in bari? In akwai hanya mai tsabta, ta ina ake farawa? Kuma yaya zan yi da Gwaggo?

'Yar uwarki daga Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin mu shiga dogon zance, dubu 80 ɗin nan kada ki biya, hoton alat ɗin da ba naki ba kuma kada ki sa. Ko da nan kika tsaya da karatu, ki riƙe waɗannan biyun. Sannan ki sassauta wa kanki. Mace mai tashi cikin sanyin Jos tun asuba ta je ta tsaya gaban yara har azahar a kan albashin da ba ya kai ta ƙarshen wata, in ta nemi ƙari ba kwaɗayi ta yi ba, neman rufin asiri ta yi. Kuma da zuciyarki ta mutu, da ba ki rubuto kina tambayar halal da haram ba, da tuni kin sa hotunan kin wuce.

Abin da ake kira afiliyet, mu mun daɗe da saninsa, sunansa dillanci. Muna yara a unguwar Gangare akwai wata dillaliya da ke shigowa gidanmu da ƙunshi a ka, ta zauna a tabarma ta kwance shi, ga atamfofi, ga kwanuka, ga 'yan kunne. Ko ɗaya ba nata ba ne. Na matan da ba sa fita ne da na 'yan kasuwa, ita dai la'adarta take ci in an yi ciniki. Ina tuna ranar da mahaifiyata ta ɗauki wata atamfa mai ruwan goro tana juya ta, matar ta miƙa hannu ta karɓe, ta ce, "Wannan ba taki ba ce, wanki ɗaya za ta zuba, ki bari sai mako mai zuwa." Ta tafi ranar ba ta sayar mana da komai ba. Amma har ta tsufa ta daina yawo, babu kayan ɗakin da aka haɗa a gidanmu ba ta hannunta ba. Ba ta da shago, ba ta da sisin jari. Jarinta shi ne in ta ce abu yana da kyau, an yarda.

Na intanet ma haka yake, ƙunshin ne kawai ya koma linki. Kamfani ko mai kaya ya ba ki linki mai ɗauke da lambarki, ki nuna wa mutane kayan, wanda ya latsa ya saya a rubuta cinikin da sunanki, a ba ki wani kaso. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Amazon ya buɗe nasa tsarin tun 1996, a nan gida kuma Jumia da Konga sun yi irinsa ba tare da karɓar kuɗin shiga ba, akwai kuma dandali irin Selar inda masu littattafai da darussa ke sayar da kayansu su ba wanda ya kawo mai saye la'ada. Don haka Yayanki bai yi daidai ba da ya haɗa komai ya kira shi damfara. Amma bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin abin da aka sayar miki ya fi kusa da abin da yake tsoro fiye da dillancin da na ba ki labari.

Ga yadda ake ganewa. Ki tambayi kanki, wanda ya sayi wannan kaya, in an hana shi sake sayar da shi, zai amfana da shi? Mai sayen kula zai zuba abinci. Mai sayen darasin ɗinki zai iya yanka riga. To mai sayen kwas ɗinki me zai yi da shi, in ba neman wani mai saye ba? Ki duba lissafinki da kanki. Kin zuba dubu 50, kin sayar wa mutum biyu kin samu dubu 40, har yanzu kina cikin asarar dubu 10, ban da data da barcin da kika rasa. Sai kin samu mutum uku kafin uwar kuɗinki ta dawo. Su ukun nan kowa na bukatar nasa ukun, sun zama 9, su kuma 27, su kuma 81. In kika bi shi hawa goma, ana neman sababbin mutane 59,049, kowannensu da dubu 50 a hannu. Dole wata rana layi ya ƙare a kan wasu, kuma na ƙarshen nan su ne suka biya duk alat ɗin da ake nunawa a sama. A wannan karon 'yar Gwaggonki ce a ƙarshen layi. Ba wai ba ta da himma ba, ba wai ke ba ki da ita ba. Haka aka gina abin.

Karɓar kuɗin rajista shi kaɗai ba ya mayar da dandali na damfara, kuma akwai darussan koyon talla masu amfani. Abin dubawa shi ne me ake sayarwa, wa ke saye, kuma daga ina la'adar take fitowa. In daga aljihun sababbin shiga kaɗai take fitowa, to ki ja da baya.

Shi kocin naku, ba zan shiga zuciyarsa ba, amma zan duba inda abincinsa yake. Yana ci a rajistarki, yana ci a kowane kwas da kika sayar, zai kuma ci a dubu 80. Ko kin samu ko ba ki samu ba, shi ya samu. Mutumin da ke wannan matsayi, duk lokacin da kika kai masa kuka, maganin da zai ba ki shi ne ki ƙara biya. Da ya ce ki sa alat ɗin wani a matsayin naki kuwa, ya gama faɗa miki ko shi wane ne, ya kuma ba ki amsar wata tambaya da ba ki yi ba. Hotunan da ƙawarki ke sawa, waɗanda suka ja ki, daga ina kike jin suka fito? Kada ki tsane ta. Akwai yiwuwar ita ma tana can tana juyi a kan katifa tana lissafin yadda za ta mayar da nata kuɗin. In kun haɗu ki tambaye ta a hankali, ku biyu, nawa ta zuba, nawa ya shigo asusunta da gaske. Wataƙila ke ce za ki zama sanadin fitarta.

Game da halal da haram, dillanci a kansa malamai sun yarda da shi. Imamu Buhari ya ware babi a kan ladan dillali, ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba, ya kuma kawo maganar Ibnu Abbas cewa babu laifi mutum ya ce wa wani ya sayar da tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza nasa ne. Inda matsala take shi ne a kayan da kuma a bakin dillali. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya tura hannunsa ciki sai yatsunsa suka taɓo lema. Mai shi ya ce ruwan sama ne ya dake shi. Sai Manzon Allah (SAW) ya ce masa me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da Annabi. Hoton alat ɗin aro busasshen hatsi ne a sama, asarar dubu 10 ɗinki ita ce lemar da ke ƙasa. A dokar ƙasa ma karɓar kuɗin mutane da ƙarya laifi ne da EFCC ke kama mutane a kai, kuma ranar da abin ya fashe, lambar wayarki da sunanki za a nuna, ba na koci ba. In kina son ƙarin natsuwa ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin gaba ɗaya, har da yadda ake raba kuɗin, kada ki tsaya a "Malam, kamasho halal ne?" domin amsar tana bin yadda aka yi tambayar.

Yayanki kuma ki yi masa uzuri. A watan Disambar 2016 MMM ta rufe asusun mutane ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara, gidaje da yawa ba su farfaɗo ba sai bayan shekaru. A Afrilun 2025 CBEX, wani dandalin zuba kuɗi na intanet, ta maimaita wa wasu irin wannan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Faɗan da yake miki tsoro ne, ba raini ba. Maimakon ku yi ta musu a kan sunan abin, ki buɗe masa lissafin, ki ce masa a kan kwas ɗin ya yi gaskiya. Mutumin da ya taɓa ƙonewa yana da hancin jin ƙauri, nan gaba duk tsarin da za ki shiga ki fara nuna masa sharuɗɗan.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, Gwaggo. Ki tsaya a inda take tsaye ki duba. 'Yarta ta daɗe tana tara kuɗi, ɗari biyar yau, dubu gobe, tana hango keken ɗinki a tsakar ɗaki. Ta ɗauka ta bayar saboda yayarta mai ilimi, malamar makaranta, ta ce abu ne mai kyau. Da wani baƙo ne ya zo da zancen da ba ta saurare shi ba. Abin da ke ci wa Gwaggo rai ke nan, an shiga wa 'yarta ta ƙofar zumunci. Kalmar cuta ta yi miki zafi domin ba ki yi niyyar cuta ba, na kuma yarda da ke. Amma kin riga kin buɗe kwas ɗin kin ga abin da ke ciki kafin ki tallata mata, kuma dubu 20 daga kuɗin kekenta sun shigo asusunki. Wannan gaskiya ce da ya kamata ki faɗa da bakinki kafin wani ya faɗa miki.

Shawarata ita ce ki mayar mata da wannan dubu 20. Ba duka dubu 50 ba, domin sauran ba hannunki suka shiga ba, sai fa in kin yi mata alkawarin cewa tabbas za ta samu, ko kin nuna mata alat ɗin da kika san ba na gaskiya ba ne. In haka ta faru, nauyin ya fi haka, kuma ke kika san abin da kika ce. Ba sai a dunƙule ba. Dubu biyar duk wata, ranar albashi, wata huɗu an gama. Kafin nan ki duba sharuɗɗan dandalin ko akwai maganar mayar da kuɗi, ku rubuta musu a rubuce ke da ita, ku ajiye hoton saƙon, ko da wa'adin ya wuce ba a rasa komai da tambaya. Zuwa wurin Gwaggo kuwa ba a waya ba, kuma ba ke kaɗai ba. Ki fara zama da Baba, domin ƙanwarsa ce ko yayarsa ta kawo masa ƙarar 'yarsa, yana tsakiya, kunya ta ishe shi ko bai faɗa ba. Ki gaya masa abin da kika yanke, ki nemi Mama ko wata babba a dangi ta raka ki. In kun je ki durƙusa ki gaishe ta ko ba ta amsa ba, kada ki kawo sunan koci ko ƙawa a matsayin kariya. Ki ce kin yi kuskure, kin kawo abin da ba ki gama fahimta ba, ga abin da ya shigo hannunki, ga yadda za ki mayar. Tana iya yin faɗa, ki bar ta ta fitar da abin da ke cikinta. Abokiyar aikinki ma haƙƙinta ɗaya ne da na 'yar Gwaggo, ki same ta ku yi magana, ki jera nata biyan bayan an gama na farko. Zubin adashi kuma kada ki yarda ya tsaya ko sau ɗaya, uwar adashi ta yi miki alfarma, kuma a wurinta ake fara sanin mace mai cika alkawari.

Na san wannan yana nufin asararki za ta koma dubu 50 cif. Ina sane, kuma ban faɗa da sauƙin baki ba. Amma in har kina son yin dillanci nan gaba, abin da za ki sayo da kuɗin nan shi ne kaɗai jarin sana'ar.

To, ta ina ake farawa? Kin ce ba ki iya kasuwanci ba, amma a layin da ya gabaci wannan kin rubuta abin da masu kwas ɗin dubu 80 ba za su iya sayar miki ba. Iyaye suna tsayawa a bakin get suna tambayar ki me za su saya. Ke ce kike ganin jakar da zif ɗinta ke mutuwa kafin tsakiyar zango, da kular da ke zubar da miya a kan littafi, da gorar ruwan da murfinta ke fashewa in ta faɗi sau ɗaya, da rigar sanyin da ke tashin gashi bayan wanki biyu. Mai shago bai san wannan ba, domin shi a leda yake ganin kaya. Ke kina ganinsu a hannun yaro ɗan shekara shida. Kuskuren da yawancin masu farawa ke yi shi ne su bi kayan da ya fi la'ada mai tsoka, yau maganin rage ƙiba, gobe kirifto, jibi man gyaran fata, har mutane su rasa gane su masu mene ne. Ki tsaya a abu ɗaya da kika sani, kayan makarantar yara, ki zauna a kai.

Kuma ki nuna, kada ki yi roƙo. Misali, da safe kafin ki fita ki zuba shinkafa mai zafi a kula biyu daban-daban, ki ɗauki bidiyo ana ganin agogo. Lokacin tara ki buɗe su ki sake ɗauka, a ga wadda ke tururi da wadda ta huce. A watan Disamba a Jos, uwar da ta ga wannan ba sai kin ce mata ta saya ba, ita za ta tambaye ki ina ake samu. Ba sai fuskarki ta fito ba, hannu da murya sun isa, kuma ki yi da Hausarki, domin irin wannan gwaji da Hausa bai yi yawa ba. Kayan da bai yi ba ki faɗa, ko da akwai la'ada a kansa. Sannan duk inda kika sa linki ki rubuta a fili cewa in an saya ta nan ana ba ki la'ada. Masu farawa suna ɓoye wannan don tsoron kada a gudu, alhali mutanenmu sun san dillali yana cin la'ada, ba sa jin haushinta. Abin da ba sa yafewa shi ne su gano daga baya.

Akwai iyaka da aikinki ya ɗora miki. Kada fuskar ɗalibi ko sunansa ya shiga bidiyonki, kada ki yi ɗauka a lokacin darasi, kada ki ɗebi lambobin iyaye daga rajistar makaranta ki riƙa tura musu talla. Ki sanar da mai makarantar tun kafin ya ji a bakin wani. Kuma kada wata uwa ta taɓa jin cewa in ba ta saya ta hannunki ba, za a canza wa ɗanta fuska a aji. Wanda ya tambaya ki amsa, wanda bai tambaya ba ki gaishe shi ya wuce.

Sai ki san girman abin da za ki samu, don kada zuciya ta sake karyewa. Bari in ɗauki lambobi na misali. Kula ta dubu 12, la'ada kashi 5 cikin 100, naira 600 ke nan. Kafin ki haɗa dubu 30 sai kin sayar da 50. In a cikin mutum 50 da suka latsa linki ɗaya ne ke saye, kina bukatar latsawa 2,500. Kin ga dalilin da ya sa kowa ke rugawa wurin kwas mai ba da dubu 20 a kai ɗaya, kin kuma ga dalilin da ya sa sitatus kaɗai ba zai kai ki ba. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma waɗanda kuke da lambar juna ne kawai ke gani, mutanen da suka riga suka gaji da ganin talla a wurinki. Ki zaɓi wuri ɗaya da baƙi ke iya cin karo da ke, Facebook ko TikTok, ki riƙa sa abu biyu ko uku a mako ba fashi. Watsa linki a guruf ɗin dangi da na Islamiyya ba ya kawo ciniki, zubar da mutunci yake yi, kuma WhatsApp na rufe lambar da ake yawan kai ƙararta. Tallar kuɗi a Facebook kuma ki bar ta tukuna. Abin da bai sayu a kyauta ba, kuɗi ba zai sa ya sayu ba, zai dai sa mutane da yawa su gan shi su wuce.

Kafin ki shiga kowane tsari ki karanta sharuɗɗansa na ranar da kanki, domin suna canzawa. Ki nemi sanin tsawon lokacin da linkinki ke riƙe mai saye, da mafi ƙarancin kuɗin da ake iya cirewa, da ranar biya, da abin da ke faruwa in an dawo da kaya, domin galibi la'adar tana tafiya tare da shi. A Amazon, misali, awa 24 ce tsakanin latsawa da sa kaya a kwando, kuma in ba ki kawo ciniki uku cikin kwana 180 na farko ba, za a rufe asusun. Na kawo shi ne don ki ga yadda ƙa'ida ke iya cinye wahalar mutum, ba don ki nufi can ba, masu sauraronki a Jos suke. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinki, ko lambar da banki ya turo miki ta waya, ko ya ce a riƙa wucewa da kuɗi ta asusunki a ba ki kaso, ki rufe zancen nan take. Tallar caca da ta manhajojin bashi mai ruwa, da magungunan da ba su da lambar NAFDAC, la'adarsu tana da maiƙo, kuma da gangan aka sa mata maiƙon.

Akwai wani abu da masu koyar da afiliyet ba su cika faɗa ba. Da yawa daga iyayen da ke tambayar ki ba sa saye a intanet. Za su kalli bidiyonki, su gamsu, su hau keke su tafi kasuwar Terminus su taɓa kayan da hannunsu su yi ciniki, linkinki ko sisi bai kawo ba. Saboda haka ni a ganina hanyar da ta fi dacewa da ke ita ce ta dillaliyar gidanmu. Ki sami mai shago ɗaya mai amana a wajen Terminus ko titin Ahmadu Bello mai sayar da jakunkuna da kuloli, da wani a kasuwar Katako mai rigunan sanyi na gwanjo. Ki je da Yayanki. Ku yi magana a kan nawa ne naki a kowane kaya, a rubuta a saƙon waya kowa ya ajiye, duk wanda kika turo ya ambaci sunanki, ku riƙa lissafi duk Asabar. Kuɗin kaya ya tafi hannun mai shago kai tsaye, kada ya bi ta asusunki, don in an sami matsala a san wa za a nema. Ki kuma tabbatar ba a ɗora la'adarki a kan farashin wanda kika turo ba, in ba haka ba sunanki zai zama dalilin tsada. Ki fara da kaya kaɗan ki ga ko mutumin yana cika alkawari. Ana iya cin dillali a nan ma, amma aƙalla kin san ƙofar shagon.

In kuma kika duba kika ga ranki ya fita daga harkar gaba ɗaya, babu abin kunya. Malama mai haƙuri da yara tana iya tara yara biyar ko shida a lesin ɗin yamma, kuɗinsa ya fi tabbas, kuma da shi za ki fi saurin sauke bashin da ke kanki. Kina ma iya farawa da lesin ɗin yanzu, dillancin ya biyo baya a hankali. Aikinki na makaranta dai kada ki sake shi saboda ko ɗaya daga cikinsu.

Ki sayi ƙaramin littafi na naira ɗari biyu ko uku, ki ja layi, gefe ɗaya abin da ya fita har da data da kuɗin keke, ɗaya gefen abin da ya shigo. Ki ba kanki zango ɗaya cur kina rubutawa, sannan ki zauna da Yayanki ku duba ko ya cancanci ci gaba. A wannan makon kuwa, ki ajiye hotunan rasit da duk saƙonnin koci, ki goge tallar kwas ɗin daga shafukanki, ki fita daga guruf ɗin ba tare da cacar baki ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ki sa dubu biyar ɗin farko a ambulan, ku kama hanyar gidan Gwaggo ke da Mama. Allah ya sanyaya zuciyarta, ya mayar miki da abin da kika rasa ta hanyar halal. Ki rubuto mini in ji yadda kuka yi.